Kaka ta Tarar da Kaka a Gida

Asabar, bayan sallar isha'i.

Sanyi ne ya tashe ni tun kafin ladan. Kwana uku ke nan da hunturu ya sauka mana da gaske, ruwan randa ba ya taɓuwa, sai da aka ɗumama mini na alwala. Da can ni ce mai yi wa tsofaffi tsiya a kan haka. Yau ga ni da safa biyu da rigar sanyin Malam, Allah ya jiƙansa, ina jan carbi a gefen kaskon wuta.

Jiya da magariba jikoki suka iso daga Kaduna, an ba su hutun zangon farko. Su biyar ne, amma in ka ji gidan sai ka ce ranar kasuwa. Da hantsi ƙaramin, wanda nake kira maigidana, ya zo ya zauna a kan ƙafata mai ciwo, ya ce, "Hajiya, me ya sa ke kaka, lokacin nan ma kaka?" Na ce masa don mu biyun kowa ya zo wurinmu ba ya komawa hannu rabbana. Bai gamsu ba. Wai malamarsu ta nuna musu hoton kaka a Turai, ganyaye sun yi ja sun zube. Sai na kama hannunsa muka fita ƙofar gida, na nuna masa kukar bakin masallaci da ta zubar da ganyenta tas, sannan na nuna masa gawon gonar bayan gida, kore shar. Shi gawo da damina yake tsayawa tsirara, sai ruwa ya ɗauke yake fitar da ganye. Yaron ya ce itacen ba shi da hankali. Na ce je ka tambayi awakin da ke cin 'ya'yansa da rani.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya amalanke ta kawo ragowar dawa. Gero tuni ya shiga rumbu, wake ma an roro, harawa na kan rufin soro, dawa ce kullum auta. Aka shimfiɗa mini tabarma a rana, ina ƙirga dami ana saukewa. Sittin cif, alhamdu lillahi. Nan take na sa aka ware shida gefe, tunda gonar da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma ake fitarwa. Ba na son zakka ta kwana cikin hatsi, don in ta kwana ido ya saba da ita, sai hannu ya yi nauyi.

A nan ne muka ɗan ja da uban yaran. Wai wani dillali daga Dawanau ya yi masa magana, a sussuke rabi a ɗura a buhu a karɓi kuɗi, a gyara katangar da damina ta ci. Na ce ba da ni ba. Kowa ya san hatsi ba ya da daraja da kaka, kowa fitarwa yake yi, ga biki ga bashi. Bari ruwa ya sauka, rumbuna su yi ƙasa, wanda ya sayar a yau shi zai bi layi ya saya da tsada. Ya ce, "Hajiya, zamani ya canja." Ban tanka ba, don bai ga 1973 ba. Ni na gani. A shekarar ne naira ta maye gurbin fam da sule, muna ta koyon lissafin kwabo, sai ga fari. Ga sabon kuɗi a hannu, ga babu abin da za a auna da shi. Ina budurwa a lokacin, na ga innarmu tana tankaɗe dusa sau biyu don ta sami abin yi mana kunu, na ga shanun Fulani kwance a bakin hanya. Tun daga nan in ban leƙa rumbu na ga duhun hatsi ba, barcina ba ya nauyi. Katanga kuwa a kafa zana, kara ba ya ƙarewa da kaka. Muka rabu a kan zai sake tuntuɓa ta bayan sati biyu, ni kuma na san amsata.

Bayan azahar matan gida suka fara sussukar wadda za a ci. Babbar jikata, kishiyata, mai shekara goma sha huɗu, ta ce sai ta yi shiƙa. Ta ɗauki ƙwarya ta tsaya tana fuskantar iska, ta ɗaga sama ta zubo. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya, ba a karin magana ba, a zahiri: gashinta, wuyanta, har cikin riga. Tana tsalle tana susa, mu muna dariya har da hawaye. Sai girman kai ya ɗebe ni, na ce a ba ni in nuna mata yadda ake yi. Na juya iska ta bugo ta gefena, na ɗaga ƙwaryar daidai kafaɗa, tsaba ta zubo a tsaye, ƙaiƙayi ya yi nasa wuri. Sau uku na yi. A na huɗu kafaɗata ta ce ƙas. Na miƙa ƙwaryar kamar dama na gama koyarwa, na koma tabarma ba wanda ya gane sai surukata, ita kuma ta kawar da kai, Allah ya yi mata albarka.

Shekara talatin da biyar ina tsaye gaban allo, tun daga ɗibar malaman UPE, shirin ilimin firamare ga kowa, na 1976, ban iya zama ana aiki ba. Bana ne na fara koya. Daga kan tabarmar nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba: yadda kaji ke jiran a juya baya, da yadda taɓarya uku ke sauka a turmi ɗaya ba mai bugun wata.

Da la'asar aka sayo rake. Haƙorana sun daina wannan yaƙin, amma maigidana ya sa aka fere mini gaɓa ɗaya aka yayyanka ƙanana kamar alewa, ya ce kar matarsa ta ji kunya. Na tsotsa na tofar. Zaƙin bai canja ba.

Goron gayyata uku ke kan tagata, duk na wannan watan, don an yi kaka, samari sun sami kuɗin lefe. Ɗaya zan je, na jikar aminiyata, sauran in aika da gudummawa, fansho ba zai ɗauki anko uku ba, gwiwa ma haka. Wata tsohuwar abokiyar aikina ta bugo daga Kafanchan, tana ta shirin Kirsimeti, ta tuna mini da kuka da daddawar da nake aika mata duk shekara. Sai na nemi direban da zai kai.

Yanzu haka ina jiyo kalangu daga bayan gari, 'yan dambe ne, mahauta sun fara zagayensu na kaka. Manyan yaran sun so zuwa, ubansu ya hana, suna can ɗaki suna gunaguni. Na shafa man kaɗanya a kaushi, na sha maganin hawan jini. Maigidana ya yi barci a kan gadona ya bar mini bakin katifa, ɓawon gyaɗa cike da aljihunsa. Gobe in Allah ya kai mu za a raba damin nan shida, na riga na faɗa wa surukata gidajen da za a fara kaiwa.