Sama ma tana da burtali da shinge: yadda matuƙi ke duba hanya kafin ya tashi

Idan shinkafa ta fara nuna a fadamun Haɗeja, Auyo da Kirikasamma, tsuntsayen jan baki kan sauko gungu-gungu, a wasu shekarun har sai an kawo ƙaramin jirgin feshi. Mai gona na ganinsa yana shawagi ƙasa-ƙasa sai ya ɗauka sama fili ce fetal, kowa ya bi inda ransa ya so. Ba haka abin yake ba. Sama tana da burtalinta, tana da wuraren da aka killace, kuma shingen kan matsa daga yau zuwa gobe. Takardar da ke gaya wa matuƙi inda shingen yake a yau sunanta NOTAM.

Gajeriyar sanarwa ce da ake fitarwa idan wani abu ya canza na ɗan lokaci: an rufe titin sauka ana gyara, fitilu sun mutu, na'urar da ke jagorantar jirgi ta lalace, sojoji na atisayen harbi, ko shugaban ƙasa zai wuce. A Najeriya hukumar kula da sararin samaniya, NAMA, ce ke fitar da ita, NiMet kuma ke ba da bayanin yanayi. Lokacin da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida daga 8 ga Maris 2017, aka karkatar da jirage Kaduna, ta irin wannan hanya kamfanonin duniya suka samu umarnin a hukumance. Haka ma da Nijar ta rufe samaniyarta ranar 6 ga Agusta 2023, abin da ya shafi duk jirgin da zai ƙetare ta saman Maigatari ya yi arewa.

Da can sai matuƙi ya taka zuwa ofishin bayanai na filin jirgi a miƙo masa takardu. Ofishin na nan har gobe, amma yanzu yawancin aikin a waya ko kwamfuta ake yi. Manyan kamfanoni suna da masu tsara tafiya da ke haɗa komai su tura wa matuƙi. Mai ƙaramin jirgi kuwa shi ke nema da kansa, ko a manhaja irin ForeFlight da Jeppesen, ko a shafin binciken NOTAM na hukumar jiragen saman Amurka, FAA, wanda kyauta ne, ko a rumbun EAD na Turai. Zai rubuta lambar filin tashi, ta filin sauka, ta filin ko-ta-kwana, da lokacin tafiya, sai a jero masa sanarwar da ke aiki. Abin lura shi ne shafukan waje kwafi suke ɗauka. Sanarwa na iya makara kafin ta isa can, don haka magana ta ƙarshe ta ofishin NAMA ce.

Kuskure na farko a wajen lamba yake faruwa. Filin Malam Aminu Kano DNKN ne, Abuja DNAA, Kaduna DNKA. Amma samaniyar Najeriya gaba ɗayanta da sunan Kano aka san ta a duniya, lambarta DNKK. Harafi ɗaya ya raba su. Wanda ya nemi DNKN kaɗai zai ga labarin titi da fitilun filin, ba zai ga yankin da aka killace a kan hanya ba, domin wannan ƙarƙashin DNKK ake ajiye shi. Dole a nemi duka biyun.

Ita kanta sanarwar gida-gida aka tsara ta, kowane gida da harafinsa. A shi ne wurin. B lokacin farawa, C lokacin ƙarewa. D jadawali ne, idan ba kullum abin ke aiki ba. E bayanin ne, da gajarce-gajarcen Turanci: RWY titin jirgi, CLSD a rufe, U/S ya lalace. F da G su ne ƙasa da saman yankin. A can sama akwai layin Q, wanda ke ƙarewa da tsakiyar wurin a taswira da nisan kewayensa da mil na ruwa, kowane mil ɗaya kilomita 1.852.

Gidan lokaci ne ya fi cin mutane. Lamba goma ce a jere: shekara, wata, rana, awa, minti. A misali, 2508140500 na nufin 14 ga Agusta 2025, ƙarfe 5 na asuba. Sai dai agogon GMT ne, irin wanda masu sauraron rediyo suka saba ji, wato ƙarfe 6 agogon Najeriya da Nijar. Wanda ya manta da awa ɗayan nan, idan aka ce yanki zai buɗe 1100, zai shiga da ƙarfe 11 na agogonsa alhali saura awa guda cur a daina harbi. Idan kuma an rubuta EST bayan lokacin ƙarewa, kirdado ne kawai. Sanarwar na nan da ƙarfinta har sai wata ta zo ta soke ta ko ta maye gurbinta, shi ya sa ake duba ko NOTAMN ce sabuwa, ko NOTAMR mai maye gurbi, ko NOTAMC mai sokewa.

Tsawo ma haka. Akwai auno daga doron ƙasa, AGL, akwai auno daga matakin teku, AMSL. Filin jirgin Kano yana kusan ƙafa 1,560 sama da teku. Ke nan ƙafa 2,000 AMSL a nan ba ta kai ƙafa 500 daga ƙasa ba. Ga jirgin fasinja wannan ba komai ba ne, amma ga jirgin feshi ko jirgi marar matuƙi shi ne dukan lissafin. Yankunan dindindin kuma suna taswira da haruffa uku: P haramtacce, R sai da sharaɗi, D mai haɗari. Wasunsu ba sa aiki sai NOTAM ta tashe su.

Yanayi daban ake duba shi. METAR na faɗar abin da ake ciki yanzu, TAF hasashe ne. A hunturu idon matuƙi na kan lambar nisan gani: 9999 na nufin kilomita 10 ko fiye, 0800 tare da DU na nufin ƙura ta rage gani zuwa mita 800. A irin wannan rana, filin ko-ta-kwana da ke cikin hazo ɗaya da Kano bai amsa sunansa ba.

Babbar matsalar tsarin, a ganina, ita ce yawa. Sanarwar da ke iya kashe mutum takan nutse cikin tarin wasu da ba su taka kara sun karya ba. Ranar 7 ga Yuli 2017 wani jirgin Air Canada ya kusa sauka kan jirage huɗu da ke jiran tashi a San Faransisko. Labarin rufe titin da ya ruɗa matuƙan yana shafi na 8 cikin takardu 27 da aka ba su. Maganin wannan yawa shi ne karatu da alƙalami a hannu: a fara da titi da na'urorin sauka, sai yankunan da aka killace a kan hanya, kowanne a zana shi a taswira, sannan sauran. Shi kansa tsarin kan faɗi. A watan Janairu 2023 rumbun NOTAM na Amurka ya tsaya saboda an goge wasu fayiloli bisa kuskure, ranar 11 ga watan aka dakatar da tashin jirage a duk ƙasar na ɗan lokaci.

Mai aiki a karkara yana da ƙarin nauyi, don sabis ba shi da tabbas. A sauko da bayanan tun a gari, a adana a waya, a buga kwafi a takarda, a lura da lokacin da aka sauko da su. Na daren jiya ya tsufa. Kafin a tayar da inji a kira ofishin bayanai ko hasumiya a tambaya ko an fitar da sabuwa. Mai jirgi marar matuƙi ma ya sani cewa yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da tantancewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Sannan akwai abin da ba lallai ya fito a kowace sanarwa ba: sabon ƙarfen sabis da aka kafa a bakin ƙauye, wayar wuta da ta ratsa fadama, da garken tsuntsayen dausayin Haɗeja da Nguru. Waɗannan sai an zaga gonar da ƙafa ko a babur, an tambayi mai unguwa da manoman wurin, an sa musu alama a taswira kafin ranar feshi.