Daga Kazan zuwa Bolgar, kan sawun Shaimiev

Jirgin ƙasan da ya kwaso mu daga Mosko da daddare bai sauke mu a Kazan, babban birnin yankin Tatarstan na ƙasar Rasha, ba sai da gari ya waye. Ina ajiye jaka na haura tudun Kiremlin, tsohuwar ganuwar birnin, don masallacin Kul Sharif nake ɗokin gani. A 2005 aka buɗe shi, lokacin bikin cikar birnin shekara 1000, a cikin harabar da sojojin sarkin Rasha Ivan na Huɗu suka rushe masallacin farko a 1552. Taku kaɗan ga tsohuwar majami'ar Otodoks, ita ma a wannan zamanin aka gyara ta. Wannan raba-daidai tsakanin Musulmi da Kirista salon Mintimer Shaimiev ne, wanda ya mulki Tatarstan daga 1991 zuwa 2010.

Ɗan ƙauye ne, haihuwar 1937 a Anyakovo. Injunan noma ya karanta, ya riƙe ma'aikatar noman rani da ruwa daga 1969 zuwa 1983, kafin Tarayyar Sobiyat ta wargaje kuwa har ya zama shugaban kwaminis na yankin.

Sauran labarin a mota na ji shi, a kan hanyar Bolgar, tafiyar kamar awa uku kudu da Kazan. Direbana Batatare ne, dattijo, ba ya kiran Shaimiev sai da Babai, yadda jika ke kiran kakansa. Ya tuna mini cewa a 1992 Tatarstan da Checheniya ne suka ƙi sa hannu a yarjejeniyar tarayyar Rasha. Checheniya ta ƙare a yaƙi. Shi kuwa Shaimiev ya zauna ya yi ta ciniki da Yeltsin, shugaban Rasha na lokacin, har a Fabrairun 1994 suka ƙulla tasu yarjejeniyar, wadda ta bar wa yankin kaso mai tsoka na haraji da iko a kan man fetur ɗinsa. Sai direban ya rage murya, ya ce 'ya'yan Babai maza biyu sun zama hamshaƙan attajirai a lokacin. Yabon da ƙorafin duk a baki ɗaya, kuma ni ban ga ƙarya a ko ɗaya ba.

Bolgar kufai ne a gaɓar kogin Volga. A ƙasar nan Ibn Fadlan ya iso da saƙon halifa daga Bagadaza a 922, shekarar da mutanen wurin ke lissafin musuluntarsu a hukumance. Bayan Shaimiev ya miƙa mulki ga Rustam Minnikhanov, farfaɗo da wurin ya sa a gaba, tare da tsibirin Sviyazhsk na Kirista. UNESCO ta sa Bolgar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, Sviyazhsk a 2017. Na hau ƙaramar hasumiya ta matsattsen tsani, na ga makeken Alƙur'anin da aka ajiye a ginin tunawa, sannan na yi azahar a Farin Masallaci, ginin 2012, mai tafki a gabansa.

Gine-ginen sun tsaya, amma cinikin 1994 ya zaizaye. Wa'adin yarjejeniya da Mosko ya ƙare a 2017 ba a sabunta ba, a shekarar kuma aka daina tilasta koyon Tataranci a makarantu. A 2023 ma laƙabin shugaba aka cire wa magajinsa, ya koma Rais. Muna komawa Kazan direban ya ce jikokinsa suna jin Tataranci sarai, amma da Rashanci suke mayar masa da amsa.