Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Igiyar Baba

Har yau sifilin nan da na samu a lissafi bai bar zuciyata ba. Ina aji biyu na ƙaramar sakandare malamin lissafi ya ba mu aikin gida: alwatika mai miƙaƙƙiyar kusurwa, gefe ɗaya 6, ɗayan 8, a nemo dogon gefen. Ko fensir ban ɗauka ba na san 10 ne.

A wurin gini na san shi. Duk wanda ya san Baba ya san igiyarsa. In zai fitar da kwanar ɗaki sai ya kafa turke, ya auna ƙafa 3 ta nan, ƙafa 4 ta can, ya ce in ja igiya tsakaninsu. In ta ba da 5 cif, kwana ta fita. In ba ta bayar ba, a cire turke a sake, ko da mai gida na tsaye yana ƙorafin rana ta yi. "Igiya ba ta ƙarya," in ji shi. To 6 da 8 ai ninkin 3 da 4 ne.

Na rubuta 10 a hasken fitilar ƙwai, na kwanta da murna. Washegari malam ya ɗaga littafina a gaban aji ya ce satar amsa na yi, tunda babu aiki a ƙasa. Bulala shida. Na ce, "Malam, wallahi a wurin babana na koya." Aji ya kwashe da dariya. Ɗan magini!

Sai daga baya na iya abin da yake so: 6 sau 6 da 8 sau 8, wato 36 da 64, su ba da 100, tushensa 10, a ambaci sunan Fitagoras, Bagirken da ake jingina wa wannan ƙa'idar. Ban ce bai da gaskiya a kan nuna aiki ba. Tambayata ce bai yi ba, ita ce ke cina.

Bara da Ummi ta kawo mini aljabararta tana kuka, wai x ya hana ta barci, sai na tuna ranar da Kawu Liman ya raba gadon Alhaji na Gangare. Shanu 16, mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, 'ya'ya mata uku. Ya cire wa matar tumuni, wato ɗaya bisa takwas, shanu 2, saura 14. Namiji rabo biyu, mace ɗaya, rabo bakwai ke nan. Na ce, "Ummi, rubuta 7x = 14." Ta ce 2. Ai shi kansa Alkawarizmi, da ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajajen shekarar 820, babban kaso na littafin a kan wasiyya da gado yake. Da an faɗa mana haka a aji!

Baba dai bai ji labarin bulalar ba sai bayan kwana uku, daga bakin Yaya Sani. Bai ce uffan ba. Da yamma ya miƙo mini igiyar ya ce in je in auna kwanar ajinmu. Na je ranar Asabar, babu kowa. Ta wuce 5 da kusan yatsa biyu.