Kwana uku da kyamara a bikin ƙauye

Ranar Laraba na isa ƙauyen, ɗaurin aure kuwa sai Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Wata ƙawata da muke sana'a ɗaya a Kano ta ce wannan ɓata lokaci ne, wai me zan tsinta a kwana biyu a garin da sai an hau tudu ake samun sabis ɗin waya. Ita ranar biki take zuwa, ta yi awa huɗu, ta karɓi cikon kuɗinta ta juya gida. A ɗakin taro na birni tsarinta ne daidai, ban musa ba. Amma a ƙauye, in ka faɗo wa mutane ranar biki da kyamara rataye a wuya, abin da za ka koma da shi bai wuce mutane a jere ba, hannu a gefe, fuska a ɗaure, kamar masu jiran layin katin zaɓe.

Ƙauyen yana arewa da Gumel, can wajen Maigatari, a jihar Jigawa. Daga Kano titin Haɗeja muka bi, muka wuce Gezawa, a Gumel muka sauka muka nemi babura, ni da ƙanena da jakunkunanmu. Daga inda kwalta ta ƙare sai yashi, irin wanda yake sa ka gane dalilin da aka sa wa jihar wannan suna. Watan Disamba ne, an gama kaka, gero ya shiga rumbu, an sayar da riɗi, an tsinke zoɓo. Lokacin da manomi yake da ɗan abin hannu ke nan, shi ya sa bukukuwa suke taruwa a wannan tsakanin, sai kuma dab da azumi. Mahaifin ango ma bai iya rakiyarmu gaisuwa ranar Alhamis ba, ya tafi kasuwar Maigatari da bijimi zai sayar.

Yinin Laraba gaba ɗaya kyamara tana cikin jaka. Na bi ɗaki-ɗaki na gaida matan gida, na durƙusa wa tsofaffi, na sha furar da aka dama mini har na kasa tashi. Da la'asar na zauna cikin masu tsintar shinkafa na ja tire gabana. Goggon amarya, wadda ita ce mai faɗa a ji a cikin gidan, ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, ashe 'yan birni ma sun san tsakuwa?" Aka yi dariya. Daga wannan dariyar na daina zama mai hoto, na koma 'yar Kano da ta zo biki. A wurin ne kuma na gaya wa Goggo a fili, kowa yana ji, cewa daga gobe zan riƙa ɗauka ba tare da na ce a tsaya ba, kuma kowane dare zan kawo mata ta duba, wanda ba ta yarda da shi ba a goge a gabanta. Ta ce to, Allah ya kai mu.

Yara su ne jarrabawar farko. Da sun ga kyamara za su yi maka zobe, kowa yana turo fuska, wani ya ɗaga yatsu biyu, wani ya hau kan ɗan'uwansa. Kora ba ta magani, ƙara su take yi. Abin da nake yi, in ɗauke su har su ƙoshi, in juya musu allon su ga kansu, su yi ihu, in sake. Kafin azahar ta Alhamis sun gaji da ni, sun koma wajen tukunyar waina inda ake samun riba.

Sai maganar hoton tsayuwa, wanda a da nake rainawa. Da na fara sana'ar nan gani nake duk hoton da aka shirya masa ƙarya ne. Kakan amarya ne ya gyara mini tunani, ba tare da ya san ya yi ba. Da safiyar Alhamis ya aiko a gaya mini yana son hoto. Na ɗauki kyamara zan fita, aka ce a'a, sai ya yi wanka. Na jira fiye da awa guda. Ya fito da babbar riga mai aiki wadda har yanzu da karin ninki a jikinta, an fito masa da kujera ƙofar zaure, ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya kafe ni da ido, ko alamar murmushi babu. Na ce, "Baba, ɗan saki fuska mana." Ya ce, "Yarinya, hoto za ki ɗauka ko wasa?"

Gaskiyarsa. Mutumin da a rayuwarsa bai tsaya gaban kyamara ba sai don katin ɗan ƙasa ko fasfon tafiya Makka, hoto a wurinsa shaida ce da za ta rage bayan ransa. Yana so jikokin jikokinsa su ga dattijo mai kamala, ba tsoho yana washe haƙora ba. Wace ce ni da zan ce masa wannan ba shi ne ainihinsa ba? Don haka yanzu hoton tsayuwa shi nake fara yi, kuma da gaske nake yinsa: in gyara wuyan riga, in kawar da bokitin da ke baya, in jira a kira wanda ya tafi ban ruwan dabbobi. In kowa ya sami nasa, hankali ya kwanta. To a nan ne nawa yake zuwa. Da na ce "an gama", kafaɗu suke sauka, wani ya tsokani wani, Baba ya juya yana yi wa jikansa faɗa don ya taka masa riga, bakinsa yana faɗa idonsa yana dariya. Daƙiƙa biyar ne ko goma. Kyamarar tana daidai ƙirjina, allonta a karkace sama, na kashe ƙarar maɓallin. Hoto biyu ke nan na mutum ɗaya, kuma duka biyun shi ne.

Hazon hunturu maƙiyin kyamara ne, amma masoyin hoto. Yana tace rana, haske ya yi laushi, musamman da hantsi da kuma bayan la'asar. Da sassafen Juma'a mata shida suka kewaye turame biyu suna lugude, ana cilla taɓarya sama a tafa a cafe, garin gero yana tashi cikin hasken da ya ratso ta saman danga. Na sa saurin ɗauka a 1/500, wato kashi ɗaya cikin ɗari biyar na daƙiƙa, don taɓaryar ta tsaya cak a iska, na tsuguna gefen rumbu na yi shiru. Babu wadda ta kalle ni. Da a ce jiya na zo, da tuni an ajiye taɓare an tafi neman mayafi.

Tsakar rana kuwa ba ta da kirki. Kowa yana cewa a je ƙarƙashin darbejiya, amma inuwarta ɗigo-ɗigo ce, fuska ta fito kamar an watsa mata farar ƙasa. Gara inuwar katanga, ko bakin zaure, inda haske yake shigowa ta gefe ɗaya.

Ɗakin da amarya take zaman lalle ginin ƙasa ne, ƙofa ɗaya, 'yar tagar ma an toshe ta da tsumma saboda sanyi. Da yawa a nan suke kunna filasha. Ni ba na kunnawa. Walƙiya ɗaya ta isa ta tuna wa kowa cewa akwai baƙuwa a ɗakin, tsofaffi su kare ido, 'yan mata su gyara zama, hirar ta mutu. Sai na roƙi a ɗage labulen ƙofa rabi, na ce wa amarya ta matso da tabarmarta kusa da bakin ƙofa don mai ƙunshi ta fi ganin hannun, wanda kuma gaskiya ne. Gilashin kyamara mai 50mm, na buɗe shi sosai zuwa f/1.8 don haske ya shiga da yawa, na ɗaga ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamara, zuwa 3200. Hoton yana fitowa da ɗan ƙura-ƙura a wuraren duhu, ban damu ba. Ɗakin da duhunsa yake, kuma duhun ne ya sa hannun da ke cikin lalle ya zama abin da ido yake fara sauka a kai.

Wurin ɗaurin aure ba wurina ba ne, na maza ne, shi ya sa nake tafiya da ƙanena. Shi ba ya wuce zaure, ni ba na zuwa ƙofar masallaci, kowa da iyakarsa. Na sha gaya masa abin ba ya daɗewa: waliyyi da wakili su yi magana, a ambaci sadaki, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar, a shafa fatiha, a watse. In ka tsaya gyaran kyamara ka rasa. Kuma fararen kaya a rana suna yaudarar na'ura, ta rage haske har fuskoki su yi duhu, don haka a kan fuska zai auna haske, riga ta yi yadda ta ga dama. Wannan karon ya kawo mini tafukan hannu a sama ana addu'a, da wani yaro da ya cika aljihu da dabino har yana zuba. Ya yi ƙoƙari. A wani biki can baya ya taɓa canza gilashi a fili ana iska, na kwana uku ina goge ɗigon ƙura a kwamfuta, hoto bayan hoto. Tun daga ranar, canjin gilashi sai a cikin ɗaki, ko a cikin jaka. Caji kuwa, mai shagon cajin waya da sola ne ya rufa mana asiri, ya ware mana soket ɗaya.

Dubawar dare da Goggo ba wasa ba ce. Duk hoton da ɗankwalin matar aure ya zame, ko wata ta buɗe baki tana dariya fiye da yadda za ta so a gani, sai ta ce, "Cire wannan." Wasu ina jin zafinsu, don a wurina su ne masu kyau. Ina cirewa. Na taɓa yin kuskuren da ya koya mini hankali: shekarun baya na sa hoton wata mata a Instagram tana rawa a tsakar gida cikin 'yan'uwanta mata, ban tambaye ta ba, na ga ya yi kyau ne kawai. Hoton ya zaga ta WhatsApp har ya isa wayar dangin mijinta. Sai da manya suka shiga maganar. Laifina ne ni kaɗai. Ta saki jiki ne don ta ɗauka cikin gida take, ni kuma na kwashe cikin gidan na kai kasuwa.

Abu ɗaya ne ban yarda a juya ni a kansa ba. Abokan ango sun zo suna raɗa mini wai in "ɗan haska" amarya wajen gyara. Na ce zan gyara haske, zan gyara launi ya dawo yadda ido ya gani, amma ba zan sauya mata fata ba. Yarinya baƙa mai sheƙi, lalle ya kama ta, a mai da ita wata wadda uwarta ba za ta shaida ba?

Uwar ce ma ta fi ba ni wahala. Amarya 'yar fari ce, don haka Inna ba ta kiran sunanta, ba ta zama inda take, ko an yi maganarta sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Na roƙe ta sau biyu ta tsaya su yi hoto tare. Ta ce, "Ga iyayenta nan," tana nuna Goggo da kishiyarta, ta koma bakin murhu. Na ƙyale ta. Kunya ce, kuma ba ni zan cire mata ita a kwana uku ba.

Bayan magariba aka zo tafiya da amarya. An kai ta wajen baffanninta sun yi mata nasiha, aka fito da ita lulluɓe, tana kuka, ƙawaye suna riƙe da ita, ana guɗa. Haske ya kusa ƙarewa, sai fitilar sola ɗaya a jikin bango da wutar murhu. Ina bin amarya da kyamara, ban ma lura da bayanta ba. Sai da dare, muna dubawa da Goggo, muka gani. A gaba ga amarya ana janta zuwa zaure. A can baya, gefen hagu, ga Inna a tsugune da muciya a hannu, tukunya a gabanta, amma ba tukunyar take kallo ba. Ta ɗan juyo, wuta ta haska rabin fuskarta. Shi kaɗai ne hoton da suka fito tare a cikin fiye da dubu da muka ɗauka.

Goggo ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Wannan ba nawa ba ne, kai mata." Na same ta tana kankare tukunya. Ta goge hannu a zani, ta karɓi kyamarar da hannu biyu, ta kalla har allon ya mutu, na sake kunna mata. Ta ce, "Ki wanke mini shi guda ɗaya. Kada ki nuna wa kowa."

Shi ya sa ba za ku gan shi a nan ba.

Bayan mako uku na koma da hotunan a ambulan. Na amarya da ango na tura musu ta Xender, don WhatsApp yana rage musu kyau, amma tsofaffi takarda suke so, abin da za a riƙe a hannu. Aka shimfiɗa tabarma, hotuna suna yawo daga hannu zuwa hannu, masu lugude suna musun wadda taɓaryarta ta fi tashi. Na Inna daban na naɗe shi, na miƙa mata a ɗaki. Ba ta buɗe ba, ta ɗaga murfin akwati ta tura shi ƙarƙashin zannuwa, ta tambaye ni ko na ci abinci.

Baba kuwa na ba shi nasa guda biyu, na zaman kujera da na faɗan jika. Ya ɗaga na farko ya nisanta shi da ido, ya ce hularsa ta ɗan karkace, me ya sa ban gaya masa ba. Na biyun ya duba ya yi tsaki, ya ce wannan ai ba hoto ba ne. Na miƙa hannu zan karɓa, ya zura shi a aljihun gaba.