Ambulan ɗin da ya zo da sunana

Shekara shida na yi a ofishin albashi na wani kamfanin dakon kaya a birnin Niyok. Cikin ayyukana akwai tura sunayen waɗanda aka sallama zuwa ga masu kula da inshorar lafiyarmu, su kuma su aika musu da takardar da ake kira COBRA. In shigar da suna a kwamfuta, in danna, in wuce. Ban taɓa zama na karanta takardar nan daga farko har ƙarshe ba sai ranar da aka rage ma'aikata, ta iso gidana da sunana a jikin ambulan. Jiki magayi.

A Amurka inshorar lafiyar yawancin ma'aikata a ɗaure take da wurin aiki; in aiki ya tafi, ita ma ta bi shi. COBRA doka ce da Shugaba Ronald Reagan ya sa wa hannu a 1986, ta ba wanda ya rasa aiki a kamfani mai ma'aikata 20 ko fiye damar ci gaba da inshorar da yake kanta har wata 18, matuƙar ba wani babban laifi ne ya sa aka kore shi ba. Likita ɗaya, asibiti ɗaya, magani ɗaya. Sai dai kuɗin duk ya dawo wuyansa: kason da ake cirewa daga albashinsa, da kason da kamfani ke biya masa, da ƙarin kashi 2 cikin 100 na ɗawainiya. Idan jimillar dala 1,000 ce a wata, 1,020 zai biya.

Nan na fara shan mamaki. Ni da nake lissafin albashin mutane, ɗan abin da ake cire mini kawai nake kallo a matsayin kuɗin inshorata. Ashe kamfani ne ke ɗauke da mafi nauyin kayan. Da na ga adadin a rubuce, sai na ajiye takardar na fita waje.

Ba don 'yata ba, da ƙila na yaga ta. Tana da sikila, kuma duk wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro yana kukan ciwon ƙashi ya san ba a wasa da katin inshora ko na kwana ɗaya. Shi ya sa na dawo na karanta a tsanake, na kuma gano abin da ya fi komai amfani a cikinta: kwana 60 ake ba mutum ya yanke shawara, in ya amince kuma a ƙara masa kwana 45 kafin biyan farko. Da zarar ya biya, inshorar za ta koma baya ta ɗauka tun daga ranar da ta yanke, amma fa sai ya biya kuɗin watannin da suka wuce duka. Wato kwanakin nan sararin tunani ne, ba na barci ba.

A cikinsu na auna sauran hanyoyin. Kasuwar inshorar da dokar Obama ta 2010 ta kafa ita ma kwana 60 take bayarwa bayan rasa inshorar aiki, da rangwame gwargwadon abin da gida ke samu, sai dai ba ta komawa baya. Medicaid kuwa, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, kowane lokaci ana iya nema. Mai mata ko miji da ke da inshora a wurin aiki yana da kwana 30 ya shiga ciki. Akwai kuma tarko guda: in ka ɗauki COBRA, kwana 60 suka wuce, sannan ka daina biya don nauyi, kasuwar ba za ta buɗe maka ƙofa ba sai lokacin rajistar shekara.

Mu dai COBRA muka ɗauka, duk da tsadarta. An kwantar da yarinyar a lokacin sanyi, mun riga mun cika kuɗin da ake fara biya daga aljihu a shekara kafin inshora ta ɗauki nauyi. Sabon tsari zai mayar da mu farko, kuma ba lallai ya karɓi likitarta ba. Ga lafiyayyen saurayi marar iyali, ba zan ba da wannan shawarar ba.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne sunayen da na tura. Cikinsu akwai 'yan uwanmu direbobi, 'yan Nijar da 'yan Gana, waɗanda na san Turancin takardar zai yi musu nauyi. Minti biyar ya ishe ni in kira mutum gefe in ce, “Malam, wani ambulan na zuwa, kada ka yar da shi.” Ban yi ba.

Kwanan baya bayan sallar Juma'a wani dattijo ya ce mini an tsayar da shi daga aiki. Na ce, “Baba, takarda ta zo?” Ya ce tana kan firiji, bai buɗe ba. Na bi shi gida, muka duba ranar da ke jikinta, muka ƙirga a kalanda. Saura kwana tara.