Inda na kai da turaren bikin ƙanwata, saura wata huɗu

Salam 'yan uwa 'yan koyo, ya muke ji da ruwan nan? To ga inda aka kwana a aikin turaren da na ɗauko. An sa ranar ƙanwata ƙarshen Disamba, ni kuma na ce turaren wuta da humra da na tsuguno duk a bar min, tunda dai an biya kuɗin koyo ai gara a gani a ƙasa. Yanzu muna Agusta, farce (na turare, wanda ake samu jikin dodon koɗin teku) ya gama, itace rabi ya sha turare yana cikin bokiti, humra kuma ban taɓa ta ba tukun sai satin nan in Allah ya yarda.

Abin da na yi tun farko, na samu takarda na rubuta ranar ɗaurin aure a ƙasa, sai na dinga hawowa sama ina lissafi da baya. Kai amarya, jere, sa lalle, kamu, kawo lefe, har na iso yau. Da na duba sai na ga watan ƙarshe gaba ɗaya ba nawa bane. Lefe dangin ango ne za su ce ga ranar da za su kawo, ɗinki yana hannun tela, gado da kujeru suna hannun kafinta, amarya kuma ta shiga dilka da halawa ba mai ganinta. Kuma ku kun san Disamba a Jos, telan da zai miki anko shi ne dai yake ɗinkin Kirsimeti, kuɗin mota ya tashi, baƙi ta ko'ina. Duk wadda ta ce a wannan hayaniyar za ta zauna gaban kasko tana juya itacen sandal, to Allah ya bata sa'a, ni dai na cire watan daga lissafi, wata uku nake ƙirgawa ba huɗu ba.

Sai na jera aikin, wanda yake buƙatar a barshi ya kwanta shi ne a gaba. Malamarmu 'yar Maiduguri ce, kullum faɗa take wai mu 'yan koyo kwalba mai kyau da sitika muke fara nema tun kafin mu wanke itace.

Farce na fara da shi don shi ne mai wahalar, kuma shi ne mai tona asiri. Na jiƙa shi ya yi laushi, na zauna da ƙaramar wuƙa ina kankare naman nan da yake manne a bayansa ɗaya bayan ɗaya, wallahi aikin nan ba ya sauri ko me za ki yi, in kika bar ko ɗan kaɗan ƙarnin kifi zai biyo ki har cikin humra kuma ba madarar turaren da za ta rufe shi. Bayan wanki da shanya sai suya da yashi mai tsabta har ya kumbura ya yi ƙaras, sannan daka da tankaɗe. Mai son ta sayi dakakke ta huta bismillah, amma ni ban yarda da garin da ban ga yadda aka gyara shi ba, musamman na amarya.

Shanyar ce ma matsalar. Garin nan namu yana kan tudu sama da mita 1,200, ruwa daga Afrilu har Oktoba, Yuli da Agusta kuwa rana sai ta ga dama take leƙowa. Itatuwan sandal da hawi da gab-gab da na wanke sun ƙi bushewa a tsakar gida, sai ɗaki na shigar da su na baza a tabarma na kunna fanka in an kawo wuta. Dan Allah kar wadda ta rufe itace da sauran danshi, fumfuna zai yi, kuɗinki sun tafi. Ki karya ɗaya ki duba cikinsa, ba bayan kawai ba. Wadda bikinta ya faɗo Fabrairu ko Maris ita ta more, iskar hunturu kwana kaɗan ta busar mata da komai, sai dai ta rufe da mayafi mara nauyi saboda ƙura.

Maganar sayayya kuma, tun da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002 'yan kasuwa suka watsu, sai kin ɗan zaga kafin ki haɗa kan kaya. Sukari da gawayi da kwalabe da bokitai masu murfi duk nan na saya, amma farce da jawi (wani ƙaro mai ƙamshi) da miski da itatuwan daga Kasuwar Kurmi ta Kano aka sako min a mota na karɓa a tashar Bauchi Rod. Shawarata ki haɗa saƙonki gaba ɗaya lokaci guda, har da ɗan ƙari a kan abin da kika lissafa, don in abu ya yanke miki ana saura sati biyu ba lallai ki samu irinsa ba, sandal ɗin ma kala kala ne, kuma farashi yau daban gobe daban.

Kashin farko na turaren wutan na soya, kaɗan na yi don gwaji. Sukari da ɗan ruwa da lemun tsami a wuta har ya yi danƙo, na zuba itacen ina juyawa, garin farce da jawi suka biyo baya, na sauke ya sha iska kafin na zuba turarukan. Wannan wajen ku kula, in da zafi sosai kika zuba, ƙamshin tashi yake ya bi iska, maƙota su ji daɗi ke ki yi asara. Da na ɗora a gawayi washegari ƙaurin sukari ya fi yawa, amma da ya samu makonni a rufe sai ga shi ya sauko ya haɗe. Shi ya sa nake so babban kashin ya gama kafin ƙarshen Satumba ya samu wata biyu zuwa uku yana kwance.

Jiya amaryar ta leƙo ta ce "Yaya ki buɗe min ɗaya mana in kai wa ƙawayena su ji." Na ce mata ko Mama ce ta aiko ki ba zan buɗe ba, ki je ki ji da telanki. Don ita har yanzu ba ta tsayar da atamfar anko ba, ƙawaye sun rabu gida biyu a WhatsApp, kuma ita ma sai an yo odarta daga Kantin Kwari. Na faɗa mata in Oktoba ta wuce yadi bai isa hannun tela ba, ranar kamu da leshin sallah za su fito. Gwajin jini dai alhamdulillah sun yi shi tun kafin sa rana, wannan Baba ne ya tsaya a kai.

Abin da ya rage min, satin nan farar humra, sati mai zuwa baƙa, duk su shiga kwalba a kwaba inda ba rana, ina girgizawa lokaci lokaci. Oktoba na tsuguno da kulacca ta shafawa a jiki. Nuwamba ba soya ba daka, sai zubawa a ƙananan kwalabe na rabon dangin ango, da ware na turara kayan lefe a kabbasa (kwandon da ake kifawa kan kasko a turara kaya) in sun iso, da na ɗakin amarya ranar jere.

Wadda ta taɓa yin baƙar humra a cikinku dan Allah ta faɗa min, sandal ɗin sau nawa kike turara shi kafin ki zuba, don nawa kalar ba ta kama yadda nake so ba.