Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Shaidar Gonar Fadama

Makon jiya na tsaya a kan rasuwar Kaka. Yau maganar gonar fadama ce, wadda har gobe 'ya'yan Kawu suke ba da labarinta a karkace. Ina nan aka yi, ba labari aka ba ni ba.

Iyakar Kaka da maƙwabcinmu, wani malamin allo, jerin gamba ne da ya tashi daga gindin tsamiya. Ko ƙasar kabari ba ta bushe ba Kawu ya tumɓuke gambar da dare, ya dasa ta cikin gonar Malam. Da magana ta kai gaban dagaci, sai Kawu ya zo wurin Baba ya ce, "Kai mai bishara ne, ba a ja da maganarka. Ka ce nan iyakar take. Naka sai naka."

Baba ya ce, "Yaya, ni ba hasken ba ne, shaida ne."

Wanda ya zauna a gidanmu ya san wannan magana. Daga Yohanna 1:8 ya ɗauko ta, inda aka ce Yohanna Mai Baftisma ba shi ne hasken ba, ya zo ne domin ya shaidi hasken. Littafi Mai Tsarki nasa tsohuwar fassarar 1932 ce, wadda Likita Miller na Zariya ya sa hannu a aikinta. Bangon ya yage, Inna ta ɗinke masa da ƙyallen atamfa, kuma a gaban fitilar ƙwai yake karanta mana bayan tuwon dare. Yakan ce shaida ba shi da gaskiyar kansa da zai ba dangi kyauta, ta Ubangiji ce aka ba shi ajiya.

A gaban dagaci ya ce tsamiya ce iyaka, nan yake ɗaure jakin gida tun yana yaro. Iyakacin abin da ya faɗa ke nan.

Abin da ya fi ci mini rai ba fushin Kawu ba ne. Wasu dattawan ikkilisiya ne suka ce Baba ya kunyata mai bi, wato Kirista, a gaban wanda ba mai bi ba. Mutanen da suke karanta Dokoki Goma ran Lahadi! Baba ya buɗe musu Fitowa 20:16, ya ce su nuna masa inda aka ware wani maƙwabci da ya halatta a yi masa shaidar zur. Ba wanda ya tanka. Amma kowace Kirsimeti Inna takan aike ni da shinkafa da nama gidan Kawu, in dawo da kwanon ko murfi ba a ɗaga ba. Ina kuka a hanya, Baba yana cewa baɗi ma za a kai.

Na tuna 1987, da rikicin Kafanchan ya watsu har Zariya aka ƙone majami'u. Ɗan Malam ɗin nan ne ya kwana a ƙofar gidanmu da sanda. Waɗansu suka ce ladan shaidar Baba ne. Baba ya ƙi. Ya ce bai ba da shaida don a biya shi ba, ko da an ƙone gidan, tsamiya ce iyaka. Ni ba hasken ba ne, in ji shi kuma, har Inna ta ce, "Malam, mun ji."

Kawu bai sake taka gidanmu ba sai ranar jana'izar Baba, kuma ya zauna a gaba kamar ba komai. 'Ya'yansa in sun karanta wannan, tsamiyar tana nan, su je su duba.

Mako mai zuwa zan ba da labarin kwanciyar Inna a asibitin Wusasa.